Bitar kiran access() a kwamfutar ƙungiyar manoma

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja a kan Linux, ko da ƙarama ce ta lissafin shago, ya san akwai gaɓar da manhajar ke buƙatar sanin ko mutumin da ke zaune gaban kwamfuta yana da izinin karanta wani fayil ko yin rubutu a cikinsa. Kiran da babbar manhajar kwamfuta, wato Linux, ta tanada wa sauran manhajoji domin wannan tambaya shi ne access(), kuma shi nake yi wa bita a nan, tare da os.access na harshen Python, wanda a kan Linux wannan kiran ne dai yake aiki a ƙarƙashinsa. Na daɗe ina amfani da su a kwamfutar wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Auyo, cikin kwarin Haɗeja, inda nake kula da manhajar da ke riƙe da rajistar membobi da lissafin taki da iri da kuɗin ban-ruwa. Kwamfuta ɗaya ce tak, Ubuntu, wani nau'in Linux, ne a kanta, da hasken rana take aiki, kuma mutum uku ne ke hawa kanta, kowa da kalmar sirrinsa: ma'aji, da sakatare, da matashin da ke rubuta buhunan da suka shiga sito da waɗanda suka fita. Ra'ayina shi ne kira ne nagari mai sauƙin sarrafawa, amma masu rubuta manhaja da yawa suna ɗora masa aikin gadi, alhali iyakar aikinsa shi ne ba da labari.

Kafin a yi masa hukunci, ya kamata a san abin da yake dubawa. A tsarin Unix, wanda Linux ya gada, kowane fayil yana da mai shi, yana da rukunin da aka jingina shi gare su, sannan akwai sauran jama'a. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan uku ana iya ba shi izinin karantawa, ko na rubutawa, ko na kunna fayil a matsayin manhaja, kuma ana ƙirga su da lambobi: karatu 4, rubutu 2, kunnawa 1. Saboda haka fayil ɗin lissafin kuɗin ƙungiyarmu yana ɗauke da 640, ma'ana ma'aji yana karantawa yana rubutawa, 'yan rukuninsa suna karantawa kawai, sauran kuwa ba su da komai. Akwai ƙa'idoji biyu da ke rikita sababbin hannu. Ta farko, babbar manhaja tana tsayawa ne a matakin farko da ya dace da mutum, wato idan kai ne mai fayil kuma an hana mai shi rubutu, ba za ka rubuta ba ko da an bai wa rukuninka wannan izini. Ta biyu, izinin folda ma'anarsa daban ce: izinin kunnawa a kan folda shi ne izinin ratsawa ta cikinta, izinin rubutu kuma shi ne ikon ƙirƙirar fayil a ciki ko goge shi. Wannan na nufin mutumin da ba ya iya ƙara ko harafi ɗaya a littafin ma'aji yana iya goge littafin baki ɗaya, matuƙar foldar da littafin yake ciki tana karɓar rubutunsa kuma ba a sa mata alamar nan da ke hana goge fayil ɗin wani ba, irin wadda ke kan /tmp.

Shi access() abu biyu yake karɓa: hanyar fayil da kuma tambayar da ake yi. Tambayoyin huɗu ne, R_OK na karatu, W_OK na rubutu, X_OK na kunnawa, da F_OK wanda ke tambayar ko fayil ɗin yana nan ma. Idan an yarda, sai ya mayar da 0. Idan an ƙi, sai ya mayar da -1 ya ajiye dalili a cikin errno. A harshen C wannan dalili shi ne rabin amfanin kiran, domin EACCES na nufin an hana izini, ENOENT na nufin babu fayil ɗin, EROFS kuma na nufin ma'ajiyar gaba ɗaya ba ta karɓar rubutu.

Abin da ya fi burge ni game da shi shi ne ba ya yin lissafin kansa, babbar manhaja yake tambaya kai tsaye. Na ga manhajojin da ke ɗauko lambobin izini da stat() su zauna suna kwatanta su da lambar shaidar mai amfani da hannu, kuma kusan kullum sai an sami abin da suka tsallake: ko dai sun manta cewa mutum ɗaya yana iya kasancewa cikin rukuni fiye da ɗaya, ko sun manta da ƙarin jerin izini da ake sakawa da setfacl, ko sun duba fayil ɗin sun manta da foldojin da ke kan hanyar zuwa gare shi. Kiran access() yana ratsa duk waɗannan matakai kamar yadda buɗe fayil na gaske zai ratsa su, tun daga foldar farko har zuwa ta ƙarshe, ba tare da ya buɗe fayil ɗin ko ya taɓa abin da ke cikinsa ba. A wannan fanni ban ga abin kushewa a gare shi ba.

A manhajarmu wuri biyu yake yi mana aiki, kuma a duka biyun ya biya. Na farko shi ne lokacin da mutum ya shiga, manhajar tana tambayar W_OK a kan littafin kuɗi, idan amsar a'a ce sai ta ɓoye maɓallin gyara ta bar na dubawa kawai. Matashin sito ba ya ganin abin da ba nasa ba, ba ya kuma ɓata lokaci yana cike shafi guda sannan a ce masa ba za a adana ba. Na biyu shi ne ranar ajiye kwafi a filash. Filash ɗin da aka saba zarewa ba tare da an rufe shi yadda ya kamata ba yakan sami matsala, kuma idan Linux ya ci karo da kuskure a irin wannan ma'ajiya yakan mayar da ita ta karatu kawai domin kada ɓarnar ta ƙaru. Tambaya ɗaya kafin a fara kwafi ta isa a gaya wa sakatare da Hausa cewa filash ɗin ba ya karɓar rubutu, ya nemo wani, maimakon ya tarar da saƙon Turanci mai tsawo a tsakiyar aiki. A wurin da batir ke iya sauka da yamma idan hadari ya rufe rana tun safe, sanin matsala da wuri yana da daraja ƙwarai.

Inda maganar take da zurfi shi ne tambayar wane ne access() yake dubawa wa izini. Kowace manhaja da ke gudana tana da lambar shaida iri biyu: ta ainihi, wato ta mutumin da ya kunna ta, da ta aiki, wadda babbar manhaja ke dubawa idan za a buɗe fayil. Galibi lambobin biyu ɗaya ne. Suna bambanta ne a manhajojin da aka sa wa alamar setuid, dabarar da Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs da ke Amurka, wadda ke ba manhaja damar aron ikon mai ita na ɗan lokaci. Misalin da kowa ya sani shi ne passwd: gama-garin mai amfani ba ya iya taɓa /etc/shadow inda ake ajiye sirrin shiga, amma idan ya kunna passwd domin canza kalmar sirrinsa, manhajar tana aiki da ikon babban mai iko da ake kira root. Irin wannan manhaja tana iya buɗe kowane fayil, don haka tana buƙatar hanyar tambayar ko shi mutumin da ya kunna ta yana da haƙƙin taɓa fayil ɗin da ya ambata. Domin wannan ne aka samar da access(), wanda ya bayyana a Unix bugu na bakwai a shekarar 1979, daga baya ya shiga ƙa'idar POSIX, mai daidaita tsarukan dangin Unix, da aka fara fitarwa a 1988. Shi ya sa yake duba lambar ainihi, yayin da open() ke duba lambar aiki. Wanda bai san wannan bambanci ba zai ga kiran biyu sun ba shi amsa mai karo da juna a kan fayil ɗaya, ya ɗauka kwamfutar ce ta lalace.

Babban aibinsa kuwa a daidai wannan aiki da aka yi shi dominsa yake. Tsakanin lokacin da access() ya ce an yarda da lokacin da open() ya buɗe fayil akwai tazara, komai ƙanƙantarta, kuma a cikin wannan tazara sunan fayil yana iya komawa nuni ga wani abu daban. Lamarin ya yi kama da mai sayen shanshera da ya zura hannu a buhu ya duba ya gamsu, sannan ya juya baya yana ƙirga kuɗi, kafin ya waiwayo an musanya buhun da wani mai irin shaidarsa: binciken da ya yi gaskiya ne, amma ba buhun da ya duba aka ɗora masa a mota ba. Mai mugun nufi yana ba manhajar sunan fayil nasa na kansa, access() ya duba ya amince, nan take ya goge fayil ɗin ya sa mahaɗi, wato sunan da ke kaiwa ga wani fayil daban, mai nuni ga /etc/shadow a gurbinsa, sai manhajar ta buɗe shi da ikon root ta yi rubutu a ciki. Ba sai ya yi sa'a a karon farko ba, domin wata 'yar manhaja za ta iya maimaita masa gwajin sau dubbai har ya dace. Masana tsaro sun daɗe da sanin wannan rauni, suna kiransa TOCTOU, wato tazarar lokacin dubawa da lokacin amfani, yana kuma cikin jerin raunukan manhaja na CWE da lamba 367. Abin da na yaba wa masu kula da Linux shi ne ba su ɓoye ba: duk wanda ya rubuta man 2 access zai tarar da gargaɗi ƙarara cewa dubawa da wannan kira kafin buɗewa yana buɗe ƙofar ɓarna, kuma takardun Python da na Node.js sun maimaita gargaɗin a nasu shafukan.

Mai karatu zai iya cewa a ƙauyen da kowa ya san kowa babu wanda zai zauna yana shirya irin wannan dabara, kuma da gaskiyarsa ta wani ɓangare. Sai dai tazarar ba ta buƙatar mugu kafin ta yi ɓarna. Ya isa a ce an duba filash an ga yana karɓar rubutu, sai wani ya zare shi domin ya kai hoto wurin bugawa. Ya isa a ce ma'aji ya rufe littafin wata ya mayar da shi 440 alhali manhajar tana buɗe a asusunsa tun safe. Akwai ma abin da access() ba ya gani sam: W_OK ba ya cewa komai game da sarari, don haka zai amsa da eh a kan ma'ajiyar da ta cika maƙil, sai an zo rubutu a ci karo da ENOSPC. Manhajar da ta ɗauki amsarsa a matsayin alkawari ba ta shirya wa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Hanyar da ta dace ba ta da wahala. A buɗe fayil ɗin kai tsaye, a bar babbar manhaja ta yi binciken izini a daidai lokacin buɗewa, sannan a shirya abin da za a yi idan ta ƙi. A Python wannan na nufin a sa open() cikin try, a kama PermissionError da FileNotFoundError kowanne da saƙonsa, waɗanda duka suka shigo da Python 3.3 a 2012. A C, mai ƙirƙirar sabon fayil ya haɗa O_CREAT da O_EXCL maimakon ya tambayi F_OK tukuna, wanda ke tsoron mahaɗi ya ƙara O_NOFOLLOW, mai rubuta manhajar setuid kuma ya sauke ikon aro da seteuid() kafin ya buɗe fayil ɗin da mai amfani ya ambata. Da zarar an buɗe, abin da ke hannu shi ne fayil ɗin kansa, ba sunansa ba, kuma duk wata tambaya game da shi sai a yi ta da fstat().

Game da os.access na Python ina da ƙorafi guda da ban same shi a C ba. True ko False kawai yake mayarwa, ya zubar da dalilin. Fayil ɗin da babu shi, da wanda aka hana, da wanda ke kan ma'ajiyar da ba ta karɓar rubutu, duk False ne, alhali ga mai amfani matsala uku ce daban da magani uku daban. Dole na ƙara tambayoyi a bayansa kafin in san saƙon da zan nuna wa sakatare. An dai ƙara masa effective_ids da follow_symlinks da dir_fd a bugu na 3.3, kuma suna da amfani, amma ba su dawo da dalilin ba.

Wani tarko da ya kamata masu koyo su sani shi ne gwaji da sudo, umarnin da ke ba mutum ikon root na ɗan lokaci. Ga root, tambayar karatu da ta rubutu kusan kullum eh ce, ko da lambobin fayil ɗin 000 ne. Kunnawa ce kawai ke buƙatar a ce akwai aƙalla alamar kunnawa ɗaya a kan fayil. Mai gyara da ya gwada manhaja da ikon root zai ga komai lafiya, ya tafi, matsalar ta bayyana bayan ya hau mota. Daga nan ne muguwar al'adar chmod 777, wato bai wa kowa dukkan izini, take samo asali. Wani mai gyara da aka taɓa kirawo mana daga birni ya yi wa foldar lissafi haka domin saƙon hana izini ya daina fitowa, kuma ya daina, tun da yanzu kowa yana iya komai. Ma'ajinmu dattijo ne da ya riƙe littafin adashi da na ƙungiya tun kafin kwamfuta ta zo yankin, da na yi masa bayani sai ya ce, "Malam, kana nufin yaron sito zai iya canza abin da na rubuta ban sani ba?" Na ce, "Haka ne, Baba Alhaji, har ma ya goge shi." A ranar aka mayar da foldar 750, fayilolin kuma 640. Abin lura shi ne a duk tsawon lokacin access() yana amsa eh, kuma gaskiya yake faɗa, domin shi ba ya tambayar ko izinin da aka bayar ya dace.

A kan Windows kuwa, wanda shi ne a yawancin shagunan buga takardu daga Haɗeja har Dutse, ba na ba kowa shawarar dogara da os.access ko _access na C. A can abin da suke dubawa shi ne ko fayil yana nan da kuma ko an sa masa alamar karatu kawai, ba sa duba jerin izinin NTFS, tsarin ajiyar fayil na Windows, wanda shi ne ainihin mai hukunci. Za su iya cewa True a kan fayil ɗin da ba za ka iya buɗewa ba, ko don an hana ka, ko don wata manhaja kamar Excel tana riƙe da shi. Windows yana da nasa kiran, AccessCheck, amma yana buƙatar shiri mai yawa, kuma bai tsira daga matsalar tazara ba.

An yi wa access() ƙane mai suna faccessat(), wanda ya shigo Linux 2.6.16 a 2006 kuma ya shiga POSIX na 2008. Yana ba da damar farawa daga foldar da aka riga aka buɗe, da zaɓin AT_EACCESS domin duba lambar aiki, da AT_SYMLINK_NOFOLLOW domin duba mahaɗin kansa. Shekaru da yawa glibc, tarin kayan aikin harshen C na Linux, ne ke kwaikwayon waɗannan zaɓuɓɓuka da lissafin lambobi, wanda ba ya ganin ƙarin jerin izini, har sai da faccessat2 ya zo a Linux 5.8 a 2020. Ubuntu 20.04 ya fito ne da 5.4, shi kuma 22.04 da 5.15, don haka mai tsohuwar kwamfuta ya duba uname -r kafin ya dogara da su. Ci gaba ne na gaske, amma amsar faccessat() ma tsufa take yi da zarar an ba da ita.

Abin da ya rage mana a ƙungiya shi ne filash ɗin ajiya. Yawancin filash ɗin da ake saya a kasuwa suna zuwa ne da tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su da wurin rubuta mai fayil ko rukuni ko lambobin izini. Izinin da ls -l ke nunawa a kansu Linux ne ke ƙaga shi lokacin da aka jona filash ɗin, galibi da sunan wanda ya jona. Ma'ana littafin da ma'aji ya kulle da 640 yana zama a buɗe da zarar an kwafe shi, kuma duk kwamfutar da aka soka filash ɗin a cikinta za ta karanta sunayen membobi da bashin takin da ake bin kowa. Mayar da filash ɗin zuwa ext4, tsarin ajiya na Linux, zai riƙe lambobin izini, amma duk mai ikon root a wata kwamfuta zai ratsa su, ga shi kuma Windows ba ya karanta ext4 da kansa idan aka buƙaci buga rahoto a gari. Shawarar da na kai wa kwamiti ita ce a ware filash biyu: ɗaya a rufe shi da LUKS, tsarin Linux na sirranta ma'ajiya, domin kwafin lissafi, kalmar sirrinsa tana hannun ma'aji da shugaba, ɗayan kuma a bar shi FAT32 domin takardun da ba sirri ba ne, irin su jadawalin ban-ruwa da sanarwar taro.